Majinginar Alhaji Sambo

Tun da ciwo ya lanƙwasa bayan Alhaji Sambo, zama ya gagare shi. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: ya koma ƙofar gida bayan la'asar, inda tsofaffin Hausawan garin Suki ke shan shayi suna ƙorafin noman bana. Ɗansa Maliki, kafinta, ya ce zai yi masa kujera mai majingina daidai bayansa.

Aikin ba na sassaƙa ba ne. Siraran fallayen katako ake shafa wa gam, a jera su, a matse tsakanin ɓari biyu na ƙalib, wato katakon da aka yanke da siffar da ake so, har su bushe a lanƙwashe. Shi kuwa ƙalib da ablakash mai kauri, wato katakon filawud, ake yin sa, kuma duk kuskuren da ke jikinsa sai ya fito a kujera.

Farko sai an ɗauki siffar bayan. Maliki ɗan fari ne. Uban bai taɓa kiran sunansa ba, shi kuma bai taɓa haɗa tabarma da shi ba. Tsohon ya dafe gefen gado ya zauna. Maliki ya ɗora wayar ƙarfe mai laushi a bayansa ta kan jallabiya, ya bi ta da yatsu biyu, kansa a sunkuye. Nan da nan aka gama, kuma dukkansu sun ji daɗin hakan.

Wurin yankan ƙalib Maliki ya daɗe, don mutum ne mai tsantseni har ya gundiri jama'a. Ya gwada zarton lantarki na hannu a wani guntu, ya ga bakinsa na karkacewa in katako ya yi kauri. Abdulwahab, maƙwabcin shagonsa, ya ce ya kai birnin Sinnar a tsaga masa da babban inji, a huta.

"Yanka guda, mutumina, ɓari biyu sun hito. Mi kaka jira?"

"Yanka guda ba shi barin wurin fallaye," in ji Maliki. "In anka matsa, tsakiya ta kama, gefe shi ƙi."

Ya ɗauki hanya mai nisa. Ya fitar da samfuri biyu a siririn allo, tazararsu daidai kaurin fallayen, ya goge da hannu. Sannan ya sa rauta, ɗan injin da ke bin gefen samfuri, ya yanka ablakash ɗin ɗaya bayan ɗaya, ranar da aka ga damar kawo wuta. Da majinginar ta fito, ya kara wayar a jikinta, ko reza ba ta shiga tsakani.

Alhaji Sambo ya koma ƙofar gida. Tsofaffi suka shafa kujerar suka sa albarka. Tsohon ma ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Mai aikin ya iya." Maganar ta yi wa Maliki daɗi ƙwarai.

Asma'u, ƙanwarsa, wadda ke jinyar tsohon, ita ta same shi a shago.

"Yaya, kujerar ga tana cin Baba. In ya shigo, nishi yakai har isha."

"Daidai take da bayanai. Na auna."

"Bayan da ya nuna maka ka auna. Gabanka miƙewa yakai, ko da za ta kashe shi."

Maliki bai yi gardama ba. Da la'asar ya tsaya daga nesa ya duba da kyau. Uban na zaune cak, jijiyar wuya a tashe, gumi na bin gemunsa, yana cika siffar da shi da kansa ya bayar. In ya bar kujerar, mutane za su ce aikin ɗansa bai yi ba.

Bayan an watse, Maliki ya shiga ɗakin uban da wayar awon. Ya durƙusa a bayan tsohon, ya ɗaga jallabiyar, ya shimfiɗa tafinsa a kan ƙasusuwan. Kunya ta kama su duka biyu.

"Baba, ka saki jikinka."

Tsohon ya daɗe yana kallon bango. Sannan a hankali bayan ya fara saukowa ƙarƙashin hannun Maliki, ya yi ta saukowa, har ya wuce inda Maliki ya zata zai tsaya.