Faifai Uku don Sarjan Sallau

Faifai uku a naɗe cikin tawul. Garmaho mai aiki da pil, wato batir. Kwalin pil guda. Kwalbar maganin tari. Riga biyu. Abin da Usman ya ɗauko ke nan daga Yamai, kuma tun daga Doso yake rungume da garmahon a cinya, don kamyon, babbar motar da ya hau, bai bar rami ko ɗaya bai faɗa ba.

Karatun da ya yi a Dakar ya koya masa abubuwa da yawa da ba su da amfani a Dogon Dutsi. Tarihin wata waƙa yana cikinsu. Wani baƙar fata a Amirka ya fara rera ta da jita mai lantarki, irin kiɗan da ake kira rok. Wani saurayi a Faransa ya juya ta da harshensu, ya ƙara mata gudu. Daga baya 'yan Abijan suka sa mata ƙaho da ganguna. Duka ukun ya sayo, domin saƙon da direba ya kai masa bai bambance ba: Sarjan Sallau na kwance, ya ce a zo masa da waƙar nan.

Sallau maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su. Ya dawo daga yaƙin Aljeri da lambar girma, da tari, da wata waƙa da yake fito da ita in yana gyaran kekuna a ƙofar gida. A wani hutu Usman ya gane ta, ya ce masa ai tana kan faifai. Sallau bai manta ba.

Usman ya same shi an jingina shi da buhun gero, matarsa Balki tana masa fifita. Wuyan riga ya yi masa yawa. Ya kira Usman da lakabin Faransanci da ake kiran 'yan boko da shi.

"Mushe, ka iso? Na ce ko sai ka ji an rufe ni."

"Kamyo ne, Kawu."

"Kamyo bai da laihi. Kunna muna."

Usman ya sa ta Amirka. Sallau ya saurara ido rufe, ya ce ba ita ba ce, wannan mutum kamar kunama ta harbe shi. Ta Faransa ko rabi ba ta kai ba ya ɗaga hannu, ya ce ihun Faransawa ya sha shi a bariki, ya ishe shi har kabari. Ta Abijan ya bari ta ƙare. Ya ce ta yi kusa, sai dai suna gaggawa kamar masu gudun hadari.

Usman ya ce babu ta huɗu.

Sai da tari ya lafa Sallau ya faɗi inda ya samo ta. Wani Jibo ne, mutumin Ɗan Kassari, da suke tanti ɗaya. Ya ji ta a rediyon kantin sojoji, ya haɗa gurmi da gwangwanin kifi da waya, yakan kaɗa musu ita a hankali bayan sun dawo sintiri. Motar su Jibo ta taka nakiya.

"Ni ba ta Nasara nika so ba. Ta Jibo."

Babu wanda ya taɓa ɗaukar Jibo a faifai.

Duk da haka kullum bayan azahar Sallau yakan ce a sa ta Abijan, rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Maganin tari ya ƙare. Fura ta daina wucewa. Liman ya zo, ya dubi garmahon, ya yi addu'a, ya fita. Kwalin pil ya ragu har saura zubi ɗaya a aljihun Usman.

Ran nan ana dab da la'asar faifan ya fara jan jiki. Ƙaho ya nutse, muryar mawaƙin ta yi kauri, ganguna suka koma kamar daka daga nesa. Usman ya miƙa hannu zai ɗage allura ya canza pil. Sallau ya riƙe masa wuyan hannu.

"Bar ta. Ita ce."

"Pil ne ya mutu, Kawu."

"Na ce bar ta. Haka shika kaɗa ta."

Yatsansa yana bugun tabarma, yana bin kiɗan a kan lokaci. Faifan ya ci gaba da sanyi har ya tsaya a tsakiyar baiti. Yatsan ya ƙara bugu kaɗan shi kaɗai. Balki ta ajiye mafici, ta sunkuya kusa da kunnensa tana laƙƙana masa kalmar shahada. Leɓɓansa suka bi ta. Kafin magariba an shimfiɗe shi.

Bayan sadakar uku samarin unguwa suka zo aron garmaho, za su yi rawa ranar bikin Jamhuriya. Suka ce sun ji yana da rok har kala uku. Usman yana tsaye a bakin ɗakinsa, sabon pil yana masa nauyi a aljihu. A bayan katanga Balki, cikin takaba, tana tsince wake tana gunguna waƙar a hankali, yadda ta ji mijinta yana fito da ita.

"Ku ɗauki biyun nan, ku nemi garmahon mushen lakwal, malamin makaranta," ya ce. "Wannan ba zan sake sa masa pil ba."

Ya miƙa musu ta Amirka da ta Faransa, ya rufe ƙofa.