Maganin Mama Ba Ya Ɗaci

Wata bakwai ban ga al'ada ba, ga gashi yana tsiro mini a haɓa, wuyana ya yi baƙi kamar ban san sabulu ba. Likitar asibiti a nan Ipoh, ƙasar Malesiya, ta ce ƙananan ƙulluttai ne suka cika mini jakar ƙwai, sukarin jinina kuma yana bakin iyaka. Ta ba ni wata uku in sauko da shi. Na tsorata ƙwarai, don ciwon sukari ne ya ci ƙafar Baba kafin ya tafi da shi.

Mama ce ta ja ni wurin Sinse Tham, mai maganin gargajiya na bayan kasuwa. Ya dafa wuyan hannuna da yatsu uku, ya ce in zaro harshe, sannan ya auna mini wasu saiwoyi.

"Danshi ya yi miki yawa a jiki, Siew Kheng. Kwano uku na ruwa, a tafasa a tukunyar ƙasa har ya koma ɗaya. Ban da ruwan sanyi, ban da zaƙi."

Ni ina masana'anta tun safe, don haka Mama ke dafawa. Na bar kofi mai madara, na rage shinkafa, ina kallon mijina yana narkar taliya a gabana ko kunya babu. Maganin kuwa lafiya lau yake wucewa, har ina yi wa abokan aikina fankama cewa ɗaci ba ya damuna.

Wata uku ya cika, aka gwada. Sukari ya ƙaru! Daga asibiti ban zame ko'ina ba sai shagon Sinse, na zazzage masa ta cikina. Tsohon bai ko ɗaga kai daga ma'auninsa ba.

"Kin gama? To je ki kawo mini saiwoyin da aka tafasa."

Mama ba ta zuba su a shara. Kan titi take watsawa kowace safiya, yadda kakanninmu ke yi, don masu wucewa su tattake cutar. Na tsuguna bakin ƙofarmu da leda a hannu, sai na ga tururuwa ta yi musu baƙi ƙirin. Yo me tururuwa za ta nema a abu mai ɗaci? Na tona da tsinke. Jan dabino ne, ya fi goma.

Na tarar da ita a kicin tana fasa mazarƙwaila a kan tukunyar.

"Mama! Me kike sawa?"

"Ke, rage murya. Tun kina 'yar mitsitsiya kike amai da ɗaci, ni zan tsaya ina kallonki? Ɗan guntu ne kawai."

"Ya ce ban da zaƙi!"

"Abinci yake nufi. Wannan ai magani ne. Haka na yi wa babanki shekara goma, bai taɓa..."

Ta juya ta dubi hoton Baba da ke kan teburin da muke ƙona wa magabata turare, ta daɗe tana dubansa. Duk masifar da na zo da ita ta gudu, tausayinta ya kama ni. Ta zubar da tukunyar, ta wanke, ta auna kwano uku na ruwa.

Da ya dahu, kafin ta miƙo mini sai ta kurɓa. Ta yamutsa fuska, hawaye na zuba.

"Ashe haka yake," ta ce.