Wanda Ke Tashin Kumatu

Mai aski mutum ne mai zumuɗi. In abu ya shiga ransa, to kowa ma sai ya ji a jikinsa. Da Allah ya ba su 'ya mace shi da matarsa, sai zumuɗin ya samu wurin zama. Yarinya ce ɓul-ɓul, kumatu kamar an cusa mata auduga, shi ya sa sunan yanka ya ɓace, kowa Kumatu yake ce mata. Hotonta na jikin madubin shago, yana kan fuskar waya, kuma duk wanda ya hau kujerar aski sai ya sha labarinta kafin a kakkaɓe masa wuya.

Matsala ɗaya ce, Kumatu ba ta barcin dare. Da rana ta yi ta sharar barci kamar wadda aka biya, tsakar dare kuwa ido tar, tana wutsil-wutsil da ƙafafu har wajen asuba. Shi mai aski yana sa kai a matashi ya tafi, ko ganga ake bugawa bai sani ba. Uwar ce ke kwana jijjiga. A kantin magani take aiki, hutun haihuwa ya zo ƙarshe, farkon wata za ta koma. Wata safiya ya tarar da ita tsaye a gaban teburin guga, ido a rufe, dutsen guga na cin rigarsa, hayaƙi na tashi.

Da ta farka ta dubi rigar, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baban Kumatu, yau riga ce. In na koma aiki a haka, wata rana maganin hawan jini zan miƙa wa mai ciwon kai. Ni ba zan ɗauki alhakin ran mutum ba. In yarinyar nan ba ta daidaita ba, ajiye aikin zan yi."

Ya san wahalar da ta sha kafin ta samu aikin nan, karatu da jarrabawa da yawon neman gurbi har takalmi ya cinye. Ya bugi ƙirji ya ce ta bar masa, kafin wata ya mutu Kumatu za ta riƙa barci kamar gungume.

Daga ranar shagon aski ya koma asibitin barci. Wanda duk ya zauna, ana ɗaura masa ƙyalle a wuya za a tambaye shi yadda yake barci da yadda 'ya'yansa ke yi. Mutane kuwa ka san su, ba wanda bai da magani. Malamin makaranta ya ce haske ne, a sa labule mai kauri. Tela ya ce uwar ta daina shan shayi da yamma, yana bin nono. Wani direba ya rantse zafi ne, shi in ba fanka a kansa ko gyangyaɗi ba ya yi. Mai gyaran waya ya karɓi wayar mai aski ya zuba masa ƙarar ruwan sama, ya ce shi da ita yake kwana tun da ya bar kallon waya a kan gado. Mai aski bai bar ko ɗaya ba, duk ya kwasa.

Aikin aski da dare yake ci, sai mutane sun taso daga aiki ake layi. Don haka ba ya isa gida sai unguwa ta yi tsit. Yana shiga zai kunna fitila, ya ajiye abin da ya sayo, ya nufi ɗan gadon Kumatu. A cewarsa ai ba barci take ba, ido kawai ta lumshe tana jiran babanta. Ya sunkuce ta, ya ɗaga sama, ya hura mata ciki, ita kuwa ta yi ta ƙyalƙyala dariya har da shaƙuwa. Ya zagaya da ita ya nuna mata sabon labule, ya nuna mata fanka. Wannan ɗan lokacin shi ne duk rabonsa da ita a yini, don da safe in zai fita tana barci. Wallahi saboda shi yake jure tsayuwar yini guda a kan ƙafa.

Labule ya hau, fanka ta juya, ruwan sama ya yi ta zuba a waya, uwa ta haƙura da shayinta. Kumatu ko a jikinta.

Ana cikin haka yayarsa ta zo ganin likitan ido, ta kwana a gidan. Mace ce da ta raini 'ya'ya biyar, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Da safe suna karyawa, mai aski ya fara zuba mata bayanin wata katifar jarirai da aka ce masa tana sa barci. Ta bari ya kai aya, sannan ta ajiye kofi.

"Auta, katifar me? Kai ne ciwon yarinyar nan."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

"Ina kallonka jiya. Yarinya ta yi barcinta lafiya lau tun bayan isha, ka shigo kamar ɗan sanda, ka kunna fitila, ka cilla ta sama. Kai in aka tashe ka tsakar dare aka yi maka cakulkuli, komawa za ka yi? Ka koya mata cewa dare lokacin wasa ne, ita kuma ta haddace."

"Haba Yaya, 'yar dariyar da muke yi?"

"'Yar dariyar da kuke yi ita ce ta mayar da matarka kamar tsumma. Dube ta."

Ya duba. Matar ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya fita ko sallama babu. A shago ranar ba labarin Kumatu, har wani ya tambaya ko lafiya. Haushi yake ji, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya san gaskiya aka faɗa masa.

Daren nan ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya shiga da lalube. Kumatu kuwa ta riga ta saba, lokacin na yi ta farka da kanta, ta fara 'yan shure-shuren ƙafa tana gwaranci, tana jiran a ɗauke ta. Da ta ji shiru sai ta ɓare baki. Allah sarki mai aski. Yana tsaye a bayan ƙofa cikin duhu, 'yarsa na kiransa, hannuwansa har ƙaiƙayi suke, uwar na bubbuga bayanta a hankali. Ya ji kamar ya yi ihu. Ya cije, ya lallaɓa ya kwanta a falo. Washegari ma haka, kukan dai ya ragu. Ya rame a 'yan kwanakin nan kamar shi ne mai jegon.

Sai wata safiya ya farka ya ji gidan shiru, hasken rana har ya shigo falo. Ya leƙa ɗaki. Uwar na kwance ta yi ɗai-ɗai, baki a ɗan buɗe, tana barcin da rabonta da shi tun kafin haihuwa. Kumatu na cikin gadonta ido biyu, tana ƙoƙarin cusa babban yatsan ƙafa a baki. Ba wanda ya tashi cikin dare.

Zo ka ga mai aski. Ihu yake son yi, ba hali. Ya yi tsalle a kan yatsu, ya daki iska, ya yi wata irin rawa ba kiɗa a tsakar ɗaki, ƙato da shi, da gajeren wando. Ya ɗauki Kumatu a hankali kamar ƙwai, ya fita da ita falo, ya ja ƙofa. A can ya kira Yaya yana raɗa, ya kira tela, ya kira direba, har da mai gyaran waya da bai tashi ba. Kowa sai ya ce masa, "Ta kwana. Wallahi ta kwana cur."

Rana ta ɗaga sosai kafin uwar ta fito, fuska a kumbure da barci, shatin matashi a kumatu. Ta tsaya tana kallonsu a kan tabarma.

"Maman Kumatu, aikinki na nan," in ji shi, baki har kunne. "Kuma na yanke shawara. Da safe ai ƙuda kawai nake kora a shago. In kin koma, ni zan riƙe ta har azahar, sannan in kai ta gidan raino. Dare naki, safiya tawa." Sannan ya ƙara da cewa, "Yaya dai Allah ya saka mata. Mu biyu muna zaune, ba wanda ya gano."

Ta zauna kusa da shi, ta gyara wa Kumatu riga.

"Ni na gano," ta ce. "Tun tana wata biyu na sani."

Ya saki baki. "Kin sani? Kika bar ni ina ta jidar labule da fanka? Kika kusa barin aikinki?"

"Kullum sai in ce yau zan faɗa maka. Sai ka shigo a gajiye, ƙafafu a kumbure, ka ɗauke ta, in ji ku kuna dariya. In ce to, bari dai sai gobe."

Idanun mai aski suka ciko, ya juya fuska wajen taga don kada ta gani. Sannan ya ce ta koma ta ƙara ko awa ɗaya ce, shi zai dafa ruwan shayi.