Ƙafar da Dabo Ya Dawo da Ita daga Kudu

Duk unguwarsu a Illela an san hannun Inna Tasalla. Wanda ya yi targaɗe, wanda wuyansa ya sage, gidanta ake nufa, ta ɗumama man kaɗanya ta murza, mutum ya tashi yana sa mata albarka. To, da ɗanta Dabo ya sauko daga motar albasa yana ɗingishi, ai ba ta ga abin tayar da hankali ba.

Rakiyar kaya ya yi zuwa Kudu. Zuwa da dawowa yana ƙudundune a gaban mota, gwiwa a ƙirji, ga shi ba ya shan ruwa don kada ya riƙa tsayar da direba. Ƙafar hagu ce ta kumbura daga gwiwa zuwa idon sawu, ta yi tsam tana sheƙi. In ka taɓa bayanta zafi rau kamar mai zazzaɓi. Ta dama kuwa lafiyarta lau.

Matarsa Safiyya ta tsuguna tana dubawa.

"Inna, ƙahwa guda ta kumbura babu hwaɗuwa babu buguwa? Da dai mun tai asibiti."

"Ke dai da son allura. Jijiya ta, ta hau wata. Miƙo min man ga."

Dabo ya yi dariya yana cije leɓe. "Bar ta, Safiyya. Hannun ga shi yar rene ni."

Tasalla ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta shiga murza tun daga ƙasa tana turawa sama, yadda uwarta ta koya mata. Yana nishi, tana yi masa tsiya wai ƙato da shi yana raki kamar ɗan kaciya. Safe da yamma haka, kwana da kwanaki, kumburi bai saɓe ba.

Ran nan da hantsi ya miƙe zai zaga bayan gida. Bai kai bakin rijiya ba ya dafa bango.

"Mi as same ka?"

"Numhwashi, Inna. Ba ya isata."

Ta zaunar da shi. Gumi na tsattsafo masa alhali ba abin da ya ɗauka. In ya ja iska sai ya riƙe gefen ƙirji, wai kamar ana soka masa basilla. Ta sa tafin hannu, ta ji zuciyar na bugawa kamar ta tsuntsun da aka kama. Ta ce ko sanyin hanya ne, bari ta dafa citta. Kafin ruwa ya tafasa ya yi tari, majinar ta fito da jini.

Wannan karon Safiyya ba ta tambayi kowa ba, ta yafa mayafi ta nemo mota.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta yaye wandon, ta dubi ƙafafun biyu, ta tambayi yaushe kumburin ya fara. Ta ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa saboda dogon zama, gudan ya ɓalle ya tafi ya toshe huhu. Da tun ranar farko aka kawo shi, akwai maganin da ke tsinka jini.

"An yi mishi tausa?"

Tasalla ta ce, "Ni na yi."

"Irin wagga ƙahwa ba a murza ta, Inna." Ta dubi tsohuwar, ta sassauta murya. "Ko ba a taɓa ba yana iya ɓallewa da kainai."

Tasalla ta ji, amma maganar ba ta zauna mata ba. Aka ba shi abin da za a iya, aka ce su wuce Sakkwato maza.

Tasalla ta zauna a bayan mota, kansa a kafaɗarta, tana yi masa fifita da gefen mayafi, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Leɓunansa sun yi toka-toka. Sau ɗaya ya buɗe ido ya ce a sauke gilashi, alhali a sauke yake.

Ba su kai Gwadabawa ba ta ji nauyinsa ya sake a jikinta. Safiyya ta kira sunansa, ta sake kira. Direban ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya yi salati a hankali. Can ya waiwayo.

"Inna, mu ƙarasa ko mu koma?"

Tasalla ta shafe idanun ɗanta ta rufe su.

"Juya, ɗana. Mu kai shi gida."