Lodin da Aka Yi wa Jirgin Lyle

Saje Merv Tonkin makanike ne, kuma jirgin sama na yaƙi ɗaya aka damƙa masa a sansaninsu na gaɓar New Guinea: na Lyle Hannaford, mijin ƙanwarsa Beryl. Lokacin da jirgin ya zo ba shi da nauyi ko kaɗan, yana tashi kamar an cilla shi da gwafa.

Sai umarni ya fara sauka daga hedikwata. Aka ce a sa farantin ƙarfe bayan kujerar matuƙi. Merv ya sa da murnarsa, don ta baya harsashi ya fi cin mutane. Aka ce a ƙara bindigogi a fikafikai, ya ƙara. Aka ce a rataya tankin mai a ƙarƙashin ciki. Da jiragen Japanawa suka rage zuwa, aka ce to, jirgin ya koma dakon bama-bamai. Kowane umarni da alkawarinsa: sabon inji mai ƙarfi yana hanya.

"Suruki, yau kuma me ka liƙa masa?" in ji Lyle, yana kurɓar shayi a inuwar fiffike. "Shaho na ba ka, ka mayar min da agwagwa."

"Rage cin naman gwangwani, ƙato. Kai ne lodin."

Lyle ya yi dariya, sannan ya dubi bishiyoyin kwakwa da ke ƙarshen filin tashin jirage. "Jiya saura ƙiris tayoyina su taje musu kai. Ba wasa nake ba, Merv."

Merv ya je wurin kwamanda, ya roƙi a bar shi ya cire ko da tankin ne.

"Saje, ka ɗauka ban sani ba?" in ji kwamandan, wanda idonsa ya yi ja don gajiya. "Na kai kuka har na gaji. In an cire tanki ba za su dawo gida ba, in an cire bam me ya kai su? Mu jira inji."

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, fili ya jiƙe sharaf. Merv da hannunsa ya ɗaure wa Lyle bel, ya buga masa kafaɗa. Jirgin ya yi ta gudu yana feshin taɓo, ya ɗaga da ƙyar, fiffikensa ya kama kan kwakwa. Ya rikito ya tarwatse a kan idon Merv, Lyle bai tsira ba.

Masu bincike suka zo, suka ce matuƙi ne ya yi jinkirin ɗaga hancin jirgi. Haka aka gaya wa Beryl. Duk da haka, kafin su tafi sun sa an sare bishiyoyin.

Ba a yi wata ba injin ya iso cikin akwatin katako, da lambar jirgin Lyle a jikinsa. Aka ce Merv ya ɗaura wa wani jirgin. Ya ɗaura, ya yi aikin tsaf, don matuƙin wannan jirgin ba shi da laifi. Da jirgin ya tashi tun daga tsakiyar fili, sauran makanikai suka hau tafi da ihu.

"Saje, zo ka ga aikinka mana!"

"Na ji shi," in ji Merv. Bai ɗago daga bokitin da yake wanke hannu ba.