Lamba Arba'in da Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran kurakuran mutane a maɗaba'ar nan, har yau ban ga marubucin da ya gode mini ba. Ka cire masa kuskure ɗari, ba zai gani ba. Ka bar masa ɗaya, zai zo har teburinka da littafin a buɗe, yatsansa a kan wurin. Ma'aikata suna kirana Baba Jan Biro. Ban hana su ba, don matata ce ta raɗa mini sunan, ita ce kuwa mai tsara shafukan gidan nan har Allah ya karɓi abinsa shekara huɗu da suka wuce.

Ranar Litinin Manaja ya tara mu a ɗakin ɗinkin littattafai, tsakanin tarin takardu da injin yanka. Manaja ƙanin marigayiyar ne. Na san shi tun yana kuka in an zo yi masa aski. Yanzu yana da tumbi da kujera mai juyawa. Ya gabatar mana da Injiniya, mace mai kimanin shekara arba'in, riƙe da jaka cike da wayoyi, wadda aka ɗauko don ta gyara mana saba. Saba ita ce akwatin ƙarfen nan da ke gurnani a ƙaramin ɗakin bayan ofis, inda kowace kwamfuta ta gidan take ajiye aikinta, ta kuma ɗauko.

"Duk kwamfutar da ke son shiga saba," in ji Injiniya, "ita ce ke fara magana. Sai ta ce, ga irin maganar da na iya: siga ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Saba ta duba jerin, ta zaɓi mafi sabunta wadda su biyun suka sani, su ci gaba da ita. In babu wadda suka haɗu a kai, sai ta rufe ƙofa."

"Ba ta cewa komai?" na tambaya.

"Ko uffan, Baba."

"Ashe ta fi yawancin mutane tarbiyya."

Aka yi dariya, ita ma ta murmusa, ta ci gaba. Siga ta ɗaya, ta ce, ta tsufa, ƙofa ce marar sakata, ɓarayin zamani sun san ta kamar yunwar cikinsu. Ranar Juma'a za ta hana saba amsa ta gaba ɗaya. Kafin nan ta sa saba ta riƙa rubuta duk na'urar da ta zo da wannan tsohuwar magana, don a san su wane ne.

"Kuma duk wadda aka kama," in ji Manaja, yana buga tebur da yatsa, "ranar Juma'ar za ta bi motar masu gwangwan. Ba sani, ba sabo. Na gaji da ajiye gawa a gidan nan."

Ba ni yake kallo ba. Amma ni na san abin da ke cikin kabad ɗina.

A gefen teburina akwai kabad mai ƙofa biyu. A sama ƙamusai ne da tsofaffin kundaye. A ƙasa, bayan wani kwali, kwamfutar matata ce, fara da ta koma ruwan ƙasa, da ƙaramin allonta mai ƙeya. A takarda, an zubar da ita shekara uku da suka wuce. Ni na sa hannu a takardar. Wayar da ke haɗa ta da saba ta bi ta wani rami a bayan kabad ɗin ta shiga soket ɗin bango.

Abin da ke cikinta ƙamus ne na kalmomin masaƙa da marina, wanda wani tsohon malamin makaranta ya tara tsawon rayuwarsa ya kawo mana. Matata ta tsara shafi ɗari biyar da talatin. Malamin ya rasu kafin a gyara, ita ta bi shi, maɗaba'a ta manta. Manhajar da ta tsara shi da ita ba ta aiki a kowace kwamfuta sai wannan. Don haka kullum da rana, in kowa ya fita cin abinci, nakan buɗe kabad, in ɗora allon rubutu a cinyata, in gyara abin da ya sawwaƙa, in ajiye a jakar da ta rubuta wa suna "Saba". Na kai shafi na ɗari huɗu da goma sha biyu. Ban taɓa jin tsoron ɓatan aikin ba, tunda yana can cikin akwatin ƙarfe tare da na kowa. Amma in aka ɗauke na'urar, wa zai buɗe shi?

Ranar Talata Injiniya ta zo ta tsaya a kaina da kofin shayi.

"Baba, akwai mutum ɗaya."

"A gidan nan? Ina taya ki murna. Ni shekara talatin ina nema."

"Na'ura ɗaya. Lambarta ta ƙare da arba'in da bakwai. Kowa na zuwa da siga ta uku, ita kaɗai take zuwa da ta ɗaya, ba ta san wata ba. Kuma yawanci da rana take zuwa, lokacin cin abinci."

"Wataƙila mai azumi ce."

"Kai ba ka fita cin abinci, ko?"

"Haƙorana ba sa son taro."

Ta kalli teburina, wanda babu komai a kansa sai takardu da biro uku, duka ja. Ta kalli kabad. Ta kurɓi shayinta ta wuce.

Ranar nan ban kunna ta ba. Na zauna ina karanta wani littafin koyon kiwon kaji da marubucinsa ya ɗauka waƙafi abin ado ne da ake watsawa. Da la'asar Injiniya ta leƙo ta ce, "Ya sake zuwa yau ma." Na ɗauka tarko take ɗana mini. Na taɓa karanta cewa haka masu bincike suke yi, su ce sun san abin da ba su sani ba. Sai kuma na tuna ban taɓa zare wayar wutar ba. Wa ya san abin da na'ura ke yi in an ce mata ta yi barci? Na san mutanen da ko a barci ba sa daina surutu.

Ranar Laraba Injiniya ta fara bin wayoyi ɗaki ɗaki, tana durƙuso a ƙarƙashin tebura da 'yar fitila. Ta gama da ɗakin zane, ta gama da na masu karɓar aiki. Saura nawa da ofishin Manaja. Na lissafa, na ga gobe za ta buɗe kabad ɗin da hannunta, a gaban mutane. Tsoho yana iya jure a kira shi mai taurin kai. Amma a same shi da ɓoye kaya bayan kwali, wannan wani abu ne dabam.

Alhamis da rana, da kowa ya fita, na kira ta.

"'Yar nan, zo ki ga arba'in da bakwai ɗinki."

Na buɗe kabad, na jawo kwalin. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo, kamar wadda aka nuna wa kakarta a hoto.

"Baba, wannan ai ta girmi ɗana na fari."

"Ta kuma fi shi aiki, na tabbata."

Na gaya mata komai: malamin, ƙamus ɗin, matata, takardar da na sa wa hannu. Ban roƙe ta ba. Na dai ce mata in motar gwangwan ta tafi da wannan, shafi ɗari da goma sha takwas za su zauna da kurakuransu har tashin duniya, su kuma ɗari huɗun da na gyara ba mai iya buɗe su. Ta bi wayar da hannu har bango, ta zare ta, ta soka wani ɗan ƙaramin abin gwaji a soket ɗin. Ta jira. Ta cire, ta hura, ta sake sokawa.

"Baba, yaushe aka yi wannan bangon na katako?"

"Shekara biyar. Lokacin da Manaja ya ga ofishinsa ya yi masa kaɗan."

"Soket ɗin nan matacce ne. An yanke wayarsa ta ciki. Na'urarka ba ta taɓa zuwa ƙofar saba ba tun lokacin."

"To ina nake ajiye aikina?"

Ta kunna kwamfutar, muka jira ta gama tari da nishi. Ta buɗe jakar, ta duba wani wuri, sai ta rufe baki da hannu. Na ga kafaɗunta na rawa.

"Ki yi dariyarki a fili, ba a biyan tara."

"Allah ya ji ƙan Mama. Jaka ce kawai ta buɗe a cikin kwamfutar, ta sa mata suna Saba. Da soket ya mutu, sai ta yi wa kanta tata sabar. Shekara huɗu kana aika saƙo daga aljihunka na dama zuwa na hagu."

Wannan halin matata ne sak. In abu ya lalace ba ta kai ƙara. Takan yi dabararta ta ci gaba, ta bar ka ka gano da kanka bayan shekaru. Na zauna a kujera. Wato na tona asirin kaina a kan laifin da ban yi ba. Sannan ɗayan abin ya iso mini, a hankali: aikin nan duka, nata da nawa da na malamin, babu shi ko'ina a duniya sai cikin wannan akwati mai tari.

Muna nan sai wayar Injiniya ta yi ƙara. Ta duba.

"Arba'in da bakwai ya zo. Yanzun nan."

Ta bangon katako muka ji ƙugin injin fotokofi na ofishin Manaja, babban nan da ya saya da kansa, wanda ba ya barin kowa ya taɓa. Kullum da rana, in gida ya yi shiru, yakan ɗauki hoton takardunsa ya tura su saba.

"Wannan zai jira," in ji ta. "Naka ne ba zai jira ba. Ka ji wannan ƙas-ƙas ɗin da take yi? Ba gaisuwa ba ce."

Ta gwada kwashe aikin a filasha, na'urar ba ta ma san an soka mata wani abu ba. Sai ta fita ta dawo da doguwar waya shuɗiya, ta jawo ta tun daga ɗakin saba, ta bi baranda, ta ƙarƙashin ƙofa, har cikin kabad. Ta ajiye tata kwamfutar a teburina ta nuna mini rajistar da saba ke rubutawa.

"Duba. Ga ta nan ta yi magana. Ta ce ta iya siga ta ɗaya."

"Sai me kuma?"

"Shi ke nan jerin nata."

"Ita fa saba?"

"Ta iya uku, amma ta sauko. Ta ce to, mu yi da ta ɗayan. Da gobe ne da ba ta amsa ba."

Wani ɗan layi mai nuna yadda aikin ke kwafuwa zuwa saba ya fara rarrafe a allon. Ya kai rabi ya tsaya. Ƙas-ƙas ɗin ya ƙaru. Injiniya ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin kamar mai jin zazzaɓin yaro, ni kuwa na ga ina karanta abin da na daɗe ban karanta da irin wannan niyya ba. Layin ya motsa. Minti arba'in ya ɗauka kafin ya kai ƙarshe.

A nan Manaja ya same mu, don ya yi tuntuɓe da wayar a baranda ya biyo ta. Ya kalli kabad, ya kalli na'urar. Ya san ta. Ya sha zama kusa da ita yana jiran yayarsa ta tashi daga aiki.

"Yaya, wannan ba ita ce ka sa hannu an zubar ba?"

"Ita ce. Kuskure ne, kuma ka san ba a gode mini in na gyara, don haka na bar shi."

"Doka dai doka ce. Gobe mota za ta zo."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Sai a ce su zo da babbar mota. Arba'in da bakwai injin fotokofinka ne."

Na daɗe ban ga abin da ya faranta mini rai kamar fuskarsa ba. Ya ce injin nan lafiyarsa ƙalau. Ta ce ƙalau, siga ɗaya dai ya iya. Ya tambaya ko ba za a bar masa ƙofar shi kaɗai ba. Ta ce ƙofa marar sakata ba ta tambayar sunan mai shigowa. Suka yi ta ja, shi yana saukowa mataki mataki, har suka tsaya a kan cewa za a zare wa injin waya, ya riƙa zuba hotunansa a filasha yana kaiwa da ƙafarsa.

"To ka ga," na ce, "na'urar da ba ta da waya ba ta cikin doka. Tawa ta riga taka shiga wannan hali da shekara biyar."

Ya sunkuya yana karanta shafin da ke allon, inda yayarsa ta jera sunayen sassan masaƙa a layi biyu, da 'yan zane-zanen da ta yi da kanta. Ya daɗe a sunkuye, har na fara jin tausayin bayansa.

"Saura nawa?"

"Ɗari da goma sha takwas."

"Ka gama, mu buga. Da sunan malamin, da nata." Ya miƙe yana gyara riga. "In an gama sai na'urar ta huta."

Juma'a Injiniya ta rufe siga ta ɗaya, motar gwangwan ta tafi da matattun alluna shida. Ta yi mini alkawarin duk ƙarshen wata za ta zo da 'yar gajeriyar waya ta kwashe abin da na gyara zuwa tata kwamfutar, ba tare da an bi ta saba ba. Ta cika alkawari. A zuwanta na uku ta duba lambar shafi, ta ɗago ta kalle ni.

"Baba, shafi huɗu a wata uku?"

"Malamin yana da kurakurai da yawa a ƙarshen."

"Haka ne?"

"Tsufa ya kama shi."

Ta naɗe wayarta a hannu, ta ce in Manaja ya tambaya za ta ce masa na'urar ce ke da nauyi.