Sajen da Ya Zo Hutu da Keke

A daminar da sojoji suka miƙa mulki, Wali bai daɗe da zama kansilan mazaɓarsu ba sai ga ƙaninsa Sha'aibu ya sauka a Wudil daga Legas. Saje ne a soja, kuma rabonsa da gida tun rasuwar mahaifinsu. Ya ce hutu aka ba shi. Kayansa jaka ɗaya ce, sai wani keke mai siraran tayoyi, kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, ba kariya ba ƙararrawa.

Mahaifiyarsu, Inna Dije, ta yi ta hidima da murna. Wali ma ya yi murna, amma keken ya tsaya masa a rai. Da ya tambaya, Sha'aibu ya ce wata gasa za a yi a bakin teku bayan damina, wadda mutum zai yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya ɗora da gudu, duk ba hutawa. Barikinsu ne ya zaɓe shi. A can ma, in ji shi, kullum yakan bi gaɓar teku da keken, to a nan tunda ba teku sai ya yi maneji da kogi. Wali ya gyaɗa kai kawai. Shi dai bai taɓa jin an ba namiji mai iyali hutu don ya zo ya yi wasan yara ba.

Kullum da an idar da sallar asuba Sha'aibu zai sa gajeren wando ya fice. Ya bi gefen kogi da keken har wajen Utai, ya dawo ya jingine shi a gindin gada, ya faɗa ruwa. Kogin kuwa a cike yake, ja wur, masu ɗibar yashi ma sun janye. Zai ratsa zuwa ɗaya gaɓar, ya dawo ta tsakanin ƙafafun gadar, yana fitowa ya duba agogon hannunsa, sannan ya zuba da gudu.

Wannan duba agogon shi ya fara jawo magana. A teburin mai shayi aka ce awon gadar yake yi. A kara, kasuwar dabbobi, ranar Juma'a, wani dillalin shanu ya rantse ya gan shi yana shafa ƙafar gadar da hannu. Lokaci ne da kowa ke kwana da rediyo a kunne, ana tsoron kada a wayi gari da kiɗan soja. Ga kuma labarin manyan hafsoshin da aka yi wa ritaya, waɗanda ake cewa yaransu ba su ji daɗi ba.

Alhaji Haladu, shugaban jam'iyyarsu na mazaɓa, ya aika aka kira Wali. Bayan doguwar gaisuwa ya nuna masa cewa maganar ta kai sama, kuma wasu na cewa kansila ya san komai tunda a gidansu sojan yake kwana.

"Ni ban ce ƙaninka na da wata manufa ba," in ji Haladu. "Amma gadar nan ita ce hanyar Kano zuwa gabas. In wani abu ya faru, kai za a fara tambaya. Ka yi tunani."

Wali ya dawo gida. Ya fara lura da abubuwan da da bai kula da su ba. Sha'aibu ba ya son hirar bariki, ko an taso da ita sai ya kawar. Bai zo da matarsa ba. Ranar da ake muhawarar sabuwar gwamnati a ƙofar gida, murmushi kawai ya yi ya ce a dai bi a hankali. Wali ya yi ta juya wannan kalma a ransa yana neman abin da ke ƙarƙashinta.

Wata safiya ya hau babur ya bi shi daga nesa. Ya ga duk abin da aka faɗa: keken, iyon, agogon. Ya kuma ga Sha'aibu ya tsaya a kan hanyar Achika yana magana da wani dogon mutum mai tsayuwa irin ta soja, har mutumin yana nuna wajen kogi da hannu. Da rana ya tambaye shi ko ya haɗu da wani a hanya, Sha'aibu ya ɗan yi tunani ya ce ba kowa. Daga nan Wali ya yanke hukunci. Bai gaya wa Inna ba, bai koma wajen Haladu ba. Ya je ofishin 'yan sanda da kansa, ya roƙi kada a ambaci sunansa.

Washegari aka kama Sha'aibu yana fitowa daga ruwa. Da gajeren wandonsa a jiƙe aka ratsa da shi ta cikin gari, wani kurtu na tura keken a baya, mutane na leƙowa daga shaguna. Inna Dije da ta ji, zama ta yi a tsakar gida ta kasa ko kuka. Ta ce wa Wali ai shi ne mai faɗa a ji yanzu, ya tashi ya je ya fito mata da ɗanta. Ya tashi ya tafi.

Sai da aka kwana biyu kafin a samu barikin ta waya. Aka tabbatar da hutun, aka tabbatar da gasar. Dogon mutumin nan kuwa ma'aikacin gona ne da ya tare shi yana tambayar ko keken na sayarwa ne, ya kuma gargaɗe shi da wani wuri mai zurfi a kogin. Sha'aibu ya ce shi har ya manta da shi. Aka sake shi da ban haƙuri, sai dai barikin ya ce ya katse hutun ya koma ya yi bayani.

Wali ne ya kai shi tasha. Suna tsaye ana ɗaure keken a saman mota, Sha'aibu ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Yaya, a tambayoyin da suka yi min har da abin da na faɗa a ƙofar gida. Mu huɗu ne a wurin."

Wali ya buɗe baki, Sha'aibu ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Da ka tambaye ni gaba da gaba, da na nuna maka takardar hutuna. Kada dai Inna ta ji."

Ya shiga mota ya zauna ta gefen da ba ya kallon tasha.

Inna ba ta ji ba. Bayan an yi girbi, wani falke mai kai shanu Legas ya zo gaishe ta, ya ce ya ga Sha'aibu, kuma an yi gasar. Bai zo na ɗaya ba, ko kusa, amma ya kai ƙarshe alhali da yawa sun zube a hanya. Ya aiko wa Inna atamfa, ya aiko wa 'ya'yan Wali takalma. Wali ya tambayi falken ko akwai wani saƙo nasa. Mutumin ya ɗan yi tunani, sannan ya ce Saje ya ce a gaida kowa da kowa.